Muttaƙa da Injin Huda Mai Igiya

Ranar da na raka Muttaƙa kasuwar Ƙonni, hadari ya haɗo tun safe amma bai zubo ba, gari kamar an rufe tukunya.

Muttaƙa gyaran kwale-kwale yake yi a bakin tafkin garinmu tun muna samari. Kafin ya kafa ƙusa, sai ya sa ƙarfe a wuta ya huda katakon, don kada ya tsage. Da girma ya zo, hannunsa ya fara rawa. Hudar ta riƙa karkacewa, ruwa na shiga. Guduma ma ta sha suɓuce masa ta nutse. Sabi'u masunci ya gaya masa, cikin ladabi, in jirginsa ya sake yoyo, wurin kafinta zai kai shi Malbaza. Sauran masuntan kuwa Sabi'u suke bi.

Shi ya sa muka tafi neman injin huda mai batir, tunda bakin ruwa babu lantarki.

Sha'ibu mai shago ya jera mana uku.

"Baba, ɗauki jan nan. Har siminti yana ci."

"Yaro, ka taɓa ganin jirgin siminti?" in ji Muttaƙa.

Ya ɗaga jan, nauyi ya rinjayi hannun. Ya kunna na biyu, injin ya zabura kamar ɗan akuya. Na ukun ƙarami ne, da ɗan rami a gindi. Muttaƙa ya zaro igiya daga aljihu, ya zura a ramin, ya ɗaura a wuyan hannu, sai ya saki injin. Sha'ibu ya miƙo hannu biyu. Injin ya tsaya yana lilo.

"Wannan ne."

"Baba, ko kunna shi ba ka yi ba."

"Wanda ya suɓuce ya nutse ƙasan ruwa ma ba a kunna shi."

Da muka koma gida, da jirgin Sabi'u ya fara. Ni na riƙe masa katako, amma na ja yatsuna nesa. Hannun bai daina rawa ba, sai dai kafin ya karkace injin ya riga ya ratsa. Sabi'u ya shiga ruwa da jirgin, ya fito wandonsa a bushe. Bai yaba ba. Washegari dai ya jawo jirgin ƙanensa.

Yanzu Muttaƙa yana nan bakin tafkin. Da safe yake aiki, da rana ya kai batir caji wurin mai sola.