Dariyar da Ta Kuɓuce wa Munzali

Shekara goma sha takwas ke nan Munzali yana haɗa magunguna a wani kanti a garin Gaithersburg na Amurka. Mutum ne kamamme, ko tari zai yi sai ya nemi afuwa. Duk ɗan Arewan da aka yi wa rasuwa a yankin, shi ke fara isa da kujeru da ruwan sha.

Sai dai fa yana da cuta guda: wani fim na ƙasar Ireland, inda wa da ƙane da ba sa ga maciji suke ɗauke da akwatin gawar ubansu, suna rigimar wa ya fi jin nauyi. Ya kalle shi ya fi sau talatin. Yakan ce wa matarsa Tayyiba, "Mutanen nan ba raina mutuwa suke ba, tsoronta suke ji, shi ya sa suke tsokanar ta." Ita dai sai ta ce Allah ya shirye shi.

To, mahaifin amininsa Rilwanu ya rasu a Kano, aka binne shi tun kafin Rilwanu ya nemi tikiti. Aka zauna makoki a gidan Rilwanu da ke garin Bowie. Ran sadakar uku dattawa suka ce a kira Hajiya, mahaifiyarsa, a sa ta a talabijin a yi mata gaisuwa gaba ɗaya. Munzali, sarkin son taimako, ya miƙa wayarsa.

Ana haɗa ta da talabijin, sai ga fim ɗin daga inda ya tsaya: akwati ya suɓuce yana gangara tudu, ƙattin biyu suna bin sa a guje. Munzali ya yi maza ya kashe, ya buga kiran. Hajiya ta bayyana a kan tabarma, cikin takaba. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Wayyo, akwatin nan ya ƙi fita daga kan Munzali! Ya cije leɓe, ya danne, ina! Dariya ta fashe masa ta hanci.

"Wa ke dariya a nan?" in ji Hajiya.

Kunya ta rufe Munzali, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai Rilwanu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Hajiya. Ki yafe mini."

Hajiya ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta, Munzali yana zaune yana gani, bai fito ya ce shi ne ba.