Tafiyata Malbaza da Rabi da Katin Najeriya

Bazaga

Mun tashi daga garinmu Bazaga ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, ni da ɗiyata Rabi da Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina. Kwana tara ke nan Rabi tana tari. Ƙanena da ke aiki a kamfanin siminti na Malbaza ya ce in kawo ta likita, wato asibitin unguwarsu, don majo, babban ma'aikacin jinyar can, ya iya yara.

A Nijar yaron da bai kai shekara biyar ba kyauta ake duba shi. Sai dai Rabi ba ta da takardar haihuwa. Uwarta Zara'u, Allah ya jiƙanta, ta tafi gidan iyayenta a ƙetaren iyaka ta haihu, kamar yadda ake yi a cikin fari. Abin da ta bar mana kati ne na asibitin Najeriya, da Ingilishi, ba wanda ya taɓa karanta shi a gidanmu. Baburan kabu-kabu biyu suka kai mu Ƙonni ƙarfe bakwai saura kwata.

Ƙonni zuwa Tsarnawa

Mun sha koko da ƙosai a tasha, muka shiga mota ƙarfe takwas. Da direba ya ji labarinmu ya ce, "Katin Najeriya? Ba shi aiki nan. Hannu za su sa ta ɗora bisa kai ta kamo kunne. In ta kamo, ta wuce biyar, ka biya."

Gwaggo ta sa Rabi ta gwada. Yatsarta ta shafi kunnen.

Gwaggo ta ce, "Ke, wa ya aike ki? Gajarta hannun!"

Kafin Tsarnawa, kilomita goma sha huɗu, duk motar ta shiga gwaji. Wani alhaji mai albasa, mai ƙiba, ya yi ya yi bai kamo ba. Ya ce, "Shaida ku ke, ni ban kai biyar ba. Direba, likita za ka aje ni." Haka muka iso shingen jandarma, kowa hannu bisa kai. Jandarman ya leƙo ya ce, "Mi kuka ɗauko da kuka sallama tun ban tambaya ba?"

Malbaza

Ƙarfe tara da minti ashirin muka sauka, ƙanena ya raka mu. Majo bai ce komai ba tukuna, Rabi ta ɗora hannu a kai ta ce, "Gwaggo ta ce in gajarta."

Gwaggo ta juya tana duban bango.

Majo ya yi dariya, ya tambaye ni watan da aka haife ta. Na miƙa masa katin. Zara'u ce ta san waɗannan abubuwa.

Ya karɓi katin ya duba. "Malam, ba na jin Ingilishi, amma lamba lamba ce. Shekararta huɗu da wata bakwai. Najeriya ta yi mata rigakafi, Nijar za ta ba ta magani, kai naka kuɗin mota." Ya bi layukan da yatsa har ƙasa. "Uwarta ba ta yi fashin allura ko ɗaya ba."

Na ce haka take. Na fita waje na ɗan tsaya.

Gida

Mun ci tuwon dawa a gidan ƙanena, muka juyo ƙarfe biyu, muka iso Bazaga kafin magariba da maganin Rabi a jakar Gwaggo. Na gode wa majo da ƙanena da mutanen motar nan. Wanda ya karanta wannan, ya sa Zara'u a addu'a.