Kwamfutar da Ta Daina Mantuwa

Duk Safana an san Mutmainna 'yar Malam Ya'u, mai buga takardun Islamiyyar mahaifinta. Tun tana ƙarama ba a barin rediyo kusa da ita, sai ta kwance shi don ta ga mai magana a ciki. Malam ya yi faɗa har ya gaji, ƙarshe ya tura ta Batsari koyon kwamfuta, wai gara ta je ta ɓata na wasu.

Shekarar da aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, tsohuwar kwamfutar makarantar ta mutu. Manhajar buga shahadar sauka kuwa ba ta aiki sai a irin waccan. Mutmainna ta zauna ta gina irinta a cikin laftof ɗinta, kwamfuta cikin kwamfuta, ba ƙarfe ba waya. Na'urar ta yi aiki, amma fa da mugun hali: da an kashe ta sai ta manta duk saitin da aka yi mata, ta koma shekarar dubu biyu. Kwamfuta ta gaske tana da ɗan batir kamar maɓallin riga da ke riƙe mata tunani. To, ina za ka cusa batir a abin da ba shi da jiki? Ga laftof ɗin da sola yake rayuwa, da hadari ya taso sai ya mutu, a koma farko.

Sauka kuma ranar Asabar, matan aure arba'in, har da Inna Jinjiri, wadda ta shekara tara tana hawo babur daga Zakka. Da aka gwada buga tata, kwanan watan ya koma baya da shekara ashirin da ɗaya.

"Ke ɗiyar nan," in ji Inna, "lokacin ko alifun ban sani ba. Ba ni rataye ƙarya a ɗakina."

Mutmainna ta yi mata bayanin mantuwar, kunya kamar ta nutse.

"To ku ma da sakarci," in ji Inna. "Wa ke barin iri a gona? Goransa daban, a rataye shi."

Mutmainna ta ja kujera. Ta ware wani ɗan fayil a gefe, ta umarci na'urar ta riƙa ajiye saitinta a nan, ta ɗauko duk sanda ta tashi. Ta kashe, ta kunna. Kwanan wata daidai! Sai da ta maimaita sau uku, don ba ta yarda da mai hali ba.

Ranar Asabar Inna Jinjiri ta karɓi shahadarta, ta bi layin da yatsa, ta karanta kwanan watan da bakinta, sannan ta rangaɗa guɗa tana hawaye. Daɗi ya kama Mutmainna.

Da taro ya watse, Malam Ya'u ya shiga ɗaki ya fito da rediyonsa, wanda ya shekara ashirin yana ɓoye mata.

"Ungo," ya ce. "Kwance shi."