Rayuwar Malama Bilki Arzika da Ƙwayar da Aka Zuba a Masai

Haihuwa da Asali

An haifi Malama Bilki a garin Miga a shekarar 1972, ana gab da shiga babban fari. Mahaifiyarta Hajara ce, mahaifinta kuwa Malam Arzika, wanda duk Miga ba a yi manomin gero kamarsa ba, wanda farfaɗiya ta kayar a wuta ta kuma kayar a rijiya, amma har yau yana tafiya da ƙafarsa bayan ya binne masu yi masa dariya. Bai taɓa zama a aji ba, sai dai shi ne farkon wanda ya kai 'ya mace boko a unguwarsu, ana zaginsa yana ƙara faɗin kafaɗa.

Karatu

Ta shiga firamare a 1979, ta kammala sakandare a 1990, sannan ta tafi Kano koyon aikin jinya. A shekararta ta biyu ta ja mahaifinta gaban likita, aka ɗora shi a kan ƙwayar fenobabiton, kuma tun daga lokacin ƙasa ba ta sake ganin bayansa ba. Masu cewa iska ce sai suka koma cewa sa'a ce. Allah ya shirye su.

Aiki

A 1995 ta kama aiki a Dutse, a 2001 kuma ta fara koyar da ilimin magunguna a wata makarantar jinya, inda ta ƙware a kan magungunan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da na sinadaran jiki. Malama ce mai zafi. Ɗalibin da ya haddace sunan magani bai san abin da yake yi a jiki ba, tana kiransa aku mai farin kaya. Ta koya musu duba numfashi kafin allurar kashe zafi mai ƙarfi, da tambayar mai ciwon suga ko ya ci abinci kafin a yi masa insulin, da cewa akwai ƙwayoyin da ba a yanke su lokaci guda, sai dai a rage a hankali.

Aure da Iyali

Ta auri Malam Talha, malamin firamare ɗan wani ƙauye a bayan Miga, a 1996, suka zauna a unguwar Limawa a Dutse. A haihuwarta ta uku, a 2004, jini ya ɓalle mata har ya lalata wani ɗan ƙullutu a gindin ƙwaƙwalwa mai umartar sinadaran jiki. Nono bai zo ba, haila ta ɗauke, likitoci suka tabbatar mata cewa rayuwarta ta rataya a kan ƙwayar firedinisolon kullum, kuma idan zazzaɓi ya zo sai ta ninka. Shekara goma sha takwas tana sha, ba ta fasa aji ba. Abin takaici, irin wannan ƙwaya ce mata ke saya a kasuwa don su yi ƙiba, suna kiranta sha-ka-fashe.

Takaba

Malam Talha ya rasu a watan Agustan 2022, danginsa suka nace sai ta yi takaba a gidansu na ƙauye, ta bi su don kunya. Can zazzaɓi ya kama ta, ta ninka ƙwayarta yadda ilimi ya ce. Yayar mijin, Hassana, mai tallan daddawa, ta ga kwalin, ta gane sha-ka-fashe ce, ta tara matan gida tana tafa hannu, wai ƙasar kabarin ƙaninta ba ta bushe ba amarya ta fara gyaran jiki don wani, alhali mai takaba ko kwalli ba ta sawa. Malama Bilki ta yi bayani har muryarta ta dushe, aka ce ai 'yan boko ba sa rasa magana. Tana kwance aka kwashe ƙwayoyin kaf aka zuba a masai. Matar da ta koyar da ɗaruruwa, a ce mai tallan daddawa ce za ta yanke mata magani! Malama Bilki ta buga waya ga tsohuwar ɗalibarta Nanret, ma'aikaciyar jinya a unguwar Yalwawa a Dutse, wadda ta taso nan take da allura, amma ambaliyar shekarar ta cinye hanya, sai da ta nemi kwalekwale.

Rasuwa

Kafin Nanret ta iso, amai ya galabaitar da ita, jininta ya faɗi, ta sume. Allah ya yi mata rasuwa a farkon Satumban 2022 tana da shekara hamsin. Malam Arzika ya ƙi yarda a binne ta a ƙauyen. Ya sa aka haye da ita ruwa zuwa Miga, ya tsaya a sahun gaba, ya sa ta a kabari da hannunsa. Dangin mijin sun zo gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Ya amsa cewa ya san kwana, ya kuma san masai, kuma Allah ya isa, bai yafe ba.

Ta rasu ta bar mahaifinta da 'ya'ya uku: Abdulbaƙi, Nata'ala, da auta Hajara, wadda ake kira Ummi. Dukkansu suna hannun Malam Arzika, kuma muddin yana numfashi babu wanda zai sake taka wancan ƙauye. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.