Tsintsiyar da ke wayar Inna

Tun da aka san ina buga takardu a kwamfuta a wani ofis a Maikunkele, na zama likitar wayoyin dangi, ba albashi ba hutu. Wannan tasa ta cika, waccan tata tana zafi. Wallahi wani lokacin in na hango mutum ya nufo ni da waya a hannu, ji nake kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Ta Inna, mahaifiyata, ita ce ta fi gajiyar da ni. Babanmu ɗan kasuwar hatsi ne, rabin rayuwarsa a hanyar Zungeru ya yi ta. Bai iya rubutu a waya ba, sai saƙon murya. Duk inda yake zai turo mata: ya isa lafiya, masara ta yi tsada, a gaida yara. Da ya rasu, waɗannan saƙonnin ne suka rage mata. Takan kunna ɗaya tana tsintar shinkafa.

To, akwai wata manhaja a wayar mai hoton tsintsiya, aikinta share tarkace don a samu wuri. Kullum sai ta leƙo ta ce akwai shara. Inna kuwa mace ce da ba ta karyawa sai ta share tsakar gida har ƙofar waje. A ce mata akwai shara a abinta ta ƙyale? Ina! Kowace safiya in ta ajiye tsintsiyar hannu sai ta danna ta waya. Ranar da manhajar ta tambaye ta da Turanci ko a haɗa da tsofaffin saƙonnin murya, ta danna koren wurin da ta saba dannawa.

Ba ta gaya min da wuri ba, kunya ta hana ta. Sai da aka kwana biyu na je gida Chanchaga, ta miƙo min wayar a ƙulle cikin gefen zani.

“Ke, duba min. Malam ya yi shiru.”

Na duba. Wayam. Raina ya ɓaci, na ce, “Haba Inna! Wa ya ce ki taɓa?”

Ta ce, “Shara ta ce. Ni na san muryar mutum shara ce?”

Na zare katin da wayar ke ajiya a ciki, na kai ofis, na sa wa kwamfuta manhajar da ke tono abin da aka goge. Aiki ne mai cin rai. Sai ta yi nisa, a ɗauke wuta, in koma farko. Ga madatsar ruwan da ke samar da lantarki nan kusa da mu, amma wutar sai ta ga dama. Na yi ta fama har na tsani ƙarar fankar kwamfutar.

Da ta gama, me ta tono? Hotunan barka da Juma'a, furanni, wa'azi, bidiyon bikin mutanen da ban ma sani ba. Ashe duk gaisuwar da dangi suka yi ta turo wa Inna bayan sharar, a kan gurbin muryar Baba ta zauna. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kunnena har ciwo yake. Guda ɗaya tak na samu, shi ma guntu.

Na san saƙon da take so, wanda Baba ya yi mata addu'a a ciki da sallah. Ba shi ba ne. Na kai mata a gajiye, na ce, “Inna, ki yi haƙuri, iya abin da ya fito ke nan.”

Na kunna. Ƙarar mota, sai tarinsa, sai muryarsa a ƙagauce: “Wai kin ɗaure awakin nan kuwa? Hadari nake gani ta wajenku.” Nan ya yanke.

Awakin an sayar da su tun bayan arba'in ɗinsa. Inna ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta bakinta kamar yadda take yi in za ta ba shi amsa.

“Na ɗaure, Malam,” ta ce. Sannan ta juyo gare ni. “Cire min tsintsiyar nan.”