Malamin da Muka Tura Maradi

Hakki ne a wuyanmu, mu malaman kwalejin wani ƙauye da ke gefen hanyar Agiye zuwa Gazawa, mu karantar da ɗaliban ajin ƙarshe abin da ya shafi balaga da yadda ake kare kai daga cutar sida kafin su bar lakol, wato makaranta. Da yawansu daga wannan aji sai aure, sai ci-rani. Ni ke rubuta bayanin tarurrukan malamai a lokacin, don haka a gabana aka yi duk abin da zan faɗa.

Sanarwa ta zo cewa a tura malami guda Maradi ya karɓi horo a kan wannan darasi. Ba a yi gardama ba. Ido ya koma kan wanda ya fi kowa daɗewa a aiki, ɗan garin, wanda muke kira Malam Babba. Haka aka saba, tafiya ta babba ce. Muna da wata malamar kimiyya 'yar kwantiragi, mutuniyar Gidan Rumji, wadda ba ta da dangi ko ɗaya a garin. Ita ce ma ta fara cewa shi ya dace. Babu wanda ya tuna cewa a bencin gaba na wannan aji 'yarsa ta fari ke zaune, wadda ko sunanta ba ya kamawa, bayanta kuma 'ya'yan surukansa.

Ya je ya dawo da takardar shaida da hotunan koyarwa. Ranar darasi ya shiga aji, ya rubuta kan magana a allo, ya juyo suka haɗa ido da 'yar tasa, sai ya goge ya koma bitar makon jiya. Da aka fita hutun tsakiya ya iske malamar a gindin itacen bedi, inda muke shan fura.

"Madam, ki rufa mini asiri ki ɗauki ajin nan. Wallahi harshena ya ƙi."

"Malam Babba, kai ka ci tsiren Maradi, ni zan sha yajin?"

"Ki sha, ƙanwata. Allah zai biya ki."

Muka yi dariya, ta karɓi hotunan. Na tsaya bakin taga na ji darasin. Ta yi shi cikin natsuwa da ladabi, ta yi maganar haƙuri har aure, da gwajin jini, da hatsarin askar da ake yi wa mutane da yawa aiki da ita. Da wata ɗaliba ta tambaya, ta ambaci kwaroron roba.

Wannan kalma kaɗai ta isa gida. Ranar kasuwa wasu iyaye suka cika buron direkta, wato ofishin shugaban makaranta.

"Ranka ya daɗe, wa ya aiko baƙuwa ta buɗe wa 'ya'yanmu ido?"

Malam Babba bai ɓoye ba, ya miƙe ya ce shi ya roƙe ta. Aka amsa masa cewa sunansa ne a kan takardar horo, ita kuwa ba ta da izini. Na nemi a saurari ɗaliban da suka ji darasin, aka ce yara ba sa shaida a gaban iyayensu. Kafin shekara ta ƙare aka ɗauke ta zuwa wani ƙauye bayan Cadakori, da tabon rashin ɗa'a a takardunta, tabon da har yau ya hana a tabbatar da ita a aiki. Tun daga ranar babu malamin da ya sake kusantar darasin, aji bayan aji suna fita ba su ji shi ba. Girmamawar da muka yi a taron farko ita ta jawo wannan duka, kuma har gobe takaicinta bai sake ni ba.

Saboda haka nake roƙon hukumar da ke duba makarantunmu, cikin girmamawa, da ta sake buɗe wannan magana, ta saurari Malam Babba da ɗaliban da yanzu sun girma sun isa shaida, ta share wa malamar nan tabon da aka yi mata ba bisa gaskiya ba, sannan ta ba ta horon da tun farko ita ya kamata mu tura.