Jirgin da Malam Albert Ya Bari

Mainasara haifaffen Rara ne ta ƙasar Rabah, amma a Goronyo aka fi saninsa, domin nan ya kafa rumfarsa tun gemunsa yana baƙi. Noma ya gada, kuma ya yi shi har ya isa aure. Wata shekara da gero ya ƙi, sai ya bi kawunsa cin rani Yawuri, ya faɗa hannun wani mai ƙera kwalekwalen faiba. A can ya koyi yadda ake shimfiɗa zanen faiba, a jiƙa shi da gam, a bar shi ya daskare ya yi tauri kamar ƙashi. Da ya dawo, sai aikin ya riƙe shi. Masuntan bakin madatsar ruwa na kawo masa jiragensu idan sun tsage, masu tankin ruwa na kawo nasu, 'yan kabukabu na kawo murfin babur. Mutum ne marar yawan magana, hannuwansa kullum cikin ƙaiƙayi. Matarsa Kaltume daban take wanke kayan aikinsa, don ta ce ƙurar faiba ta fi ƙaiƙayin gero shiga jiki.

Wata ranar kasuwa wani dogon mutum ya tsaya da babur a bakin rumfar, ya cire hularsa ya yi sallama. Ya ce sunansa Albert, mutumin Zuru ne, yana koyar da sassaƙa da zane a wata sakandare a Wurno. Da ya miƙo hannu biyu su gaisa, Mainasara ya lura manunin yatsansa na hagu guntu ne, zarto ya taɓa cinye kansa.

"An ce mini kai ka san faiba," in ji shi. "Jirgi nike so in yi."

"Na ruwa?"

"Na bisa."

Mainasara ya dube shi, ya dubi babur ɗin, ya ce, "Malam, mi kac ce?"

Albert ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sake faɗa. Daga wannan dariya abota ta ƙullu.

Shekaru suka yi suna aikin a bayan gidan Albert a Wurno, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Ƙaramin jirgi ne mai kujera ɗaya. Cikin bangonsa soso ne mai tauri, an lulluɓe shi da faiba ciki da waje, injinsa kuwa na wata tsohuwar mota ne. Albert ne mai awo da lissafi, Mainasara mai haɗa gam da shimfiɗa. Kowa ya koyi na ɗan'uwansa har suka daina sanin wa ya fara iya me. Idan lokacin salla ya yi, matar Albert, Elisabatu, wadda ke aikin jinya a asibitin garin, ita ke ajiye masa buta da tabarma. Albert yana da wata al'ada: ƙaramin cokalin shayi ne kullum a aljihun rigarsa, yana bin jikin jirgin yana ƙwanƙwasawa da bayansa, bibbiyu, ya kasa kunne. Inda faiba ta kama soso da kyau sai ka ji ƙara tsaf. Inda ta saki sai ka ji dum, kamar an bugi ɗanyen duma.

Da bazara ta wata shekara suka ɗauki jirgin zuwa wani fili bayan Marnona. Ba tashi za a yi ba, gudu kawai a ƙasa don a ga yadda yake jin linzami. Albert ya shiga, farfela ta juya, jirgin ya tafi sumul har mutanen da suka taru suka fara kabbara da tafi. Sai tayar hagu ta faɗa wani rami da ciyawa ta rufe. Jirgin ya karkace, ya kwanta da haƙarƙarinsa, ya ja ƙasa, ya tsaya. Mainasara ya isa a guje ba takalmi. Albert ya fito da kansa yana dariya, yana shafa wani ƙulu a gefen kansa.

"Ka gani? Gudu shina yi! Wagga ta jikin jirgi ƙujewa ce kawai, kai za ka gyara ta."

Sun ci abinci tare ranar. Bayan 'yan kwanaki ciwon kai ya kama Albert, sai amai, sai maganarsa ta fara harɗewa. Aka kai shi Sakkwato. Mainasara na tsaka da liƙe wani tanki aka kira shi a waya aka ce Malam Albert ya cika. An wuce da gawar Zuru kafin ya iso Wurno.

Da Elisabatu ta dawo daga zaman makoki, sai ta aika masa. Ya same ta zaune a bakin ƙofa, ta ba rumfar kwanon baya.

"Baban Mashkura," ta ce, don da sunan 'yarsa ta fari take kiransa, "ka ɗauke shi. Ba ni iya ganinsa, ba ni iya saida shi."

Ya kai shi Goronyo a bayan a-kori-kura, fukafukai daban, gangar jiki daban. Ya sa shi a ɗakin ajiyar da ke bayan rumfarsa, ya rufe da tamfol. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, bai ɗaga tamfol ɗin ba. Sai da wata bazarar ta kewayo, aiki ya yi sauƙi, ya shiga wata safiya ya yaye.

Ƙujewar tana nan a haƙarƙarin hagu, tsawon kamu biyu, fenti ya tashi, zaren faiba ya yi fari-fari, da busasshiyar ƙasar Marnona a cikin tsagar. Ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya bar shi ya sha iska. Ya aro cokali a wurin Kaltume ya bi yana ƙwanƙwasawa, yana zagaye duk inda ya ji dum da gawayi. Ɓarnar ta fi yadda ido ke gani faɗi. Ya ɗauki samfefa ya fara cin fentin daga gefe zuwa gefe.

Can wajen hantsi, da farin fentin ya ja baya, sai wani abu ya fito a ƙarƙashi. Tafin hannu ne, shatarsa a cikin daskararren gam, har da layukan tafin. Na hagu. Manunin yatsan guntu.

Mainasara ya ajiye samfefar. Ya tuna ranar: Albert ya yi tuntuɓe da bokiti ya dafa jikin jirgin gam bai bushe ba, suka yi ta dariya, suka ce fenti zai rufe. Da ya ɗauki cokalin ya buga tsakiyar tafin, sai ya ji dum. Sakin ya bi har ƙarƙashinsa.

Ya yanke shawarar zai gyara ko'ina ya bar wannan wuri. Ya kankare gefe da gefe, ya cike inda soson ya fashe, ya shimfiɗa sabon zane ya kewaye tafin kamar mai kewaye shuka.

A kwanakin nan ne ƙwanƙwasar ta fara. Da rana tsaka, lokacin da kasuwa ke yin tsit, awaki su lafe a gindin bango, sai ya ji ta daga ɗakin ajiya. Tak-tak. Shiru. Tak-tak. Ya san zafi na sa kwano da faiba su yi ƙara, ya sha ji. Amma wannan bibbiyu take zuwa, kuma tana matsawa, daga wutsiya zuwa gaba, kamar mai bin jikin jirgin a hankali. Idan ya leƙa ba kowa, sai hasken rana ta hudojin kwano. Wata rana yana sunkuye yana haɗa gam ya ji ta dab da kunnensa, bai san lokacin da ya ce, "Na'am, Malam," ba.

Kaltume ce ta kawo masa fura ta same shi tsaye yana kallon bango.

"Maigida, da wa kake magana?"

"Ba kowa."

"Na ji ka. Tun da ka buɗe abin ga ba ka cin abinci. Ka hidda muna shi wurin ga, don Allah."

Ya je wurin limamin unguwarsu bayan la'asar ya faɗa masa, kansa a ƙasa. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa ƙwanƙwasa komai. Ya ce kewa ce, kuma kewa ba zunubi ba ce. Ya ba shi addu'o'in da zai riƙa yi, ya ce ko ya gama aikin ko ya rufe ɗakin, amma kada ya zauna tsakani.

Da ya koma ya duba gyaran da ya yi, sai ya ga gefen sabon zanen ya kumbura ya yi bororo, daidai inda ya haɗu da tafin. Iskar da ke ƙarƙashi ta ɗaga shi. Ya kankare ya sake, ya sake kumbura. Aikin ba zai kama ba muddin ruɓaɓɓen wurin na nan.

Ranar da ya kankare tafin, bai kunna injin garanda ba. Da hannu ya ci, da samfefa mai laushi, ya fara daga ƙaramin yatsa. Farar ƙura ta riƙa zuba a gwiwarsa. Guntun yatsan ne ya ɓace a ƙarshe. Ƙwanƙwasar ta zo yana cikin aikin, bai ɗaga kai ba, hawaye na bin ƙurar da ke fuskarsa. Da ya gama ya share ƙurar tsaf, ya ƙulle ta a wani farin ƙyalle, ya haƙa rami a gindin dogon yaro ya binne.

Sauran aikin ya tafi yadda ya saba. Ya sassaƙe bakin ramin ya yi masa gangare don sabo ya hau kan tsoho ba tudu. Ya cike soson, ya yanka zane falle-falle, kowane ya ɗara na ƙarƙashinsa faɗi, yana jiƙawa yana matse iska da yatsa. Ya rufe da leda ya bar shi ya daskare. Sai fila mai cike ƙananan ramuka, sai goga, sai fenti. Da ya shafa tafinsa a wurin bai ji gaɓa ba. Ya bi da cokali, ko'ina tsaf.

Ƙarar ba ta daina ba, ta dai yi nisa, wata rana a ji, wata rana a rasa. Wani mai kuɗi daga Sakkwato ya ji labari ya zo yana son a sayar masa da jirgin, Mainasara ya ce ba nasa ba ne, ya ja ƙofa.

Shekarar da aka mai da Elisabatu aiki jiharsu, ta biyo ta Goronyo yin bankwana. Ya buɗe mata ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofa, sannan ta shiga ta zagaya jirgin, tana riƙe da bakin mayafinta.

"Wane gefe ne?" ta tambaya.

Ya nuna mata. Ta duba, ta sunkuya, ta sake dubawa.

"'Yan makarantar cocinmu ba su taɓa ganin jirgi kusa ba," ta ce. "Ina so in tahi da shi gida. Ka yarda?"

"Naki na, Maman Becky," ya ce, shi ma da sunan 'yarta yake kiranta. "Sai dai ni za ni ɗaure shi, kuma ni za ni kwance shi."

Suka samu motar albasa da za ta bi ta can. Ya naɗe fukafukan da tsofaffin katifu, ya zauna a baya tare da jirgin tun daga Goronyo har Zuru, rana na dukansa, yana riƙe igiya duk inda hanya ta yi rami. A kowane shinge sai an tsai da su an leƙo an tambayi mene ne wannan, shi kuwa ya ce aikin wani malami ne.

A Zuru 'yan'uwan Albert suka tarbe shi kamar sun daɗe da saninsa. Wani tsoho, yayan marigayin, ya kama hannunsa ya kai shi bayan gari ya nuna masa kabarin. Mainasara ya tsaya daga gefe, hularsa a hannu. Duwatsu ne ko'ina, ba irin ƙasarsu ba. Tsohon ya tambaye shi ko da gaske jirgin ya yi gudu.

"Ya yi," in ji Mainasara. "Da idona nig gani. Ƙura har bisa."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ƙanen nasa tun yana yaro haka yake, ba ya zama. Suka juyo tare, tsohon na dogara sanda, yana ba shi labarin yadda Albert ya taɓa kwance keken ubansu gaba ɗaya ana gobe kasuwa. Mainasara ya kwana biyu a wurinsu, ya haɗa fukafukan, ya hau motar Sakkwato da buhun dawar da suka tilasta masa karɓa.

Har yau yana rumfarsa a Goronyo. Gemun ya yi fari, tari ya kama shi saboda ƙura, Kaltume na yi masa faɗa ya riƙa ɗaure hanci. Masunta na ci gaba da kawo masa jiragensu, yana gyarawa.